Sha'anin Haihuwa a Cikin Amya

 

Bahasin shirinmu na yau a kan ƙudan zuma ne, halittar nan da Allah Maɗaukakin Sarki Ya girmama sha'aninta, har sura guda ta Alƙur'ani mai girma ta ɗauki sunanta, watau Suratun Nahli. Zancen zaƙin zuma da waraka da ke cikinta kowa ya san shi, saboda haka za mu bar shi yau, mu leƙa cikin amya mu tambayi wata mas'ala. Amya guda, idan ta yi albarka ta cika, takan ƙunshi ƙuda dubu 40 ko fiye, kusan dukkansu mata, amma a cikin wannan taro mai yawa guda ɗaya tak ce mai yin ƙwai. To, sauran fa? Me ya hana su?

Ga jawabin a taƙaice, kafin mu shiga sharhi. Sarauniya da ma'aikaciya asalinsu ƙwai iri ɗaya ne. Ba a halicci ma'aikaciya bakarariya tun daga ƙwai ba. Hana ta haihuwa aka yi, kuma kullum rana ta Allah ana cikin hana ta. Ku riƙe wannan, domin a kansa za mu yi ta kewayawa har ƙarshen shirin.

Bari mu fara da abin da magabata suka fahimta. Masanan dā, tun daga Aristo na Yunanawa har zuwa Shehu Damiri na Masar, mai littafin Hayatul Hayawan, sun ga wani babban ƙuda a tsakiyar amya, sauran suna kewaye da shi suna yi masa hidima, sai suka hukunta da zahiri, suka ce sarki ne. Ba kuwa za mu zarge su ba, domin abin da ido ya nuna musu ke nan. Sai a ƙarni na 17 wani mutumin Holand mai suna Jan Swammerdam, wanda Allah Ya hore wa haƙuri da sauƙin hannu, ya ɗauki wannan sarki ya tsaga cikinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ya tarar cikin maƙare yake da ƙwai. Ashe mace ce, kuma ita ce uwar duk wanda ke cikin gidan.

Mene ne ya gani? A cikin sarauniya akwai jakunkunan ƙwai guda biyu, dama da hagu, waɗanda suka kusa cika cikinta duka. Kowace jaka kuwa damin zaruruwa ce, wajen 150 ko fiye, kuma a cikin kowane zare ƙwayaye ne a jere kamar 'ya'yan carbi, na can sama ƙanana waɗanda ba su nuna ba, suna girma suna gangarowa, har na ƙasa ya isa fita. Da wannan kayan aiki ne takan zuba ƙwai 1,500 ko fiye a yini guda idan furanni sun wadata, har nauyin abin da ta zuba ya kusa kai nauyin jikinta. Idan aka tsaga ma'aikaciya kuma, jakunkunan nan biyu suna nan, ba su ɓace ba, sai dai sun ƙanƙance sun yamushe, zaruruwan da suka rage a kowace jaka ba su cika wuce goma sha biyu ba, sau da yawa ma uku ne ko huɗu, kuma babu ƙwai a cikinsu.

Yanzu sai mu juya ga hujjar cewa ƙwan ɗaya ne. A ƙarni na 18 wani limamin Kirista a ƙasar Jamus, Adam Schirach, ya yanko saƙar zuma mai ɗauke da ƙwai da ƙananan tsutsotsi na ma'aikata, ya sa ta a akwati tare da ƙudaje, bai sa musu sarauniya ba. Da ƙudajen suka ga ba su da uwa, sai suka zaɓi wasu daga cikin tsutsotsin nan, suka rushe bangon gurabensu suka faɗaɗa, suka gina musu ɗaki mai tsawo wanda bakinsa ke kallon ƙasa, suka yi ta ɗura musu abinci, har sarauniya ta fito. Tsutsar da a jiya aka nufe ta da share gida da ɗebo ruwan fure, yau ita ce uwa. Sharaɗi guda ne: kada tsutsar ta wuce kwana uku da ƙyanƙyashewa. Idan ta wuce, ƙofa ta rufe.

Ƙwai ɗaya ne, jama'a. Abinci ne ya fara raba su.

Shi wannan abinci wani farin ruwa ne mai kauri, wanda matasan ma'aikata masu reno suke fitarwa daga wasu maɓuɓɓugai a kawunansu, mu kira shi madarar sarauniya. Kowace tsutsa takan ɗanɗana irinsa a kwanakin farko. Amma wadda aka nufa da sarauta, a cikinsa take kwance, tana ci ba awo ba ƙayyadewa har ranar da za a rufe ɗakinta, alhali 'yar'uwarta ta gurbin ƙasa ana auna mata, bayan kwana uku kuma a gauraya mata da zuma da garin fure. Daga nan hanya ta rabu. Wadda ta ƙoshi takan fito a kwana 16, ta rayu shekara biyu ko uku, wani lokaci ma fiye. Wadda aka auna wa sai ta kai kwana 21 kafin ta fito, kuma a lokacin yawan aiki da ƙyar take wuce mako shida a duniya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan babi shi ne abin da ke gudana a ɓoye cikin jikin tsutsar. Masu bincike sun tarar cewa tsutsar ma'aikaciya, a farkon rayuwarta, tana da tushen zaruruwan ƙwai masu yawa daidai da na tsutsar sarauniya, watau an ba ta kayan sarauta cikakku tun farko. Sai a ƙarshen zamanta na tsutsa jikinta da kansa yake rushe su, ɗaya bayan ɗaya, har a bar mata 'yan kaɗan. A jikin wadda ta ƙoshi kuwa, yalwar abinci takan ɗaga wani sinadari da ke yawo cikin jininta, wanda masana suka laƙaba wa suna sinadarin ƙuruciya, shi ne yake tsare zaruruwan nan daga rushewa. A shekarar 2008 wasu masana a birnin Kanbera na Ostareliya suka tsayar da aikin wani sinadari mai toshe wasu sassa na ƙwayoyin gado a jikin ƙananan tsutsotsi, sai ga mafi yawansu sun fito da siffar sarauniya, jakunkunan ƙwansu cikakku. Ma'ana, littafin gadon da ke jikinsu ɗaya ne, abinci ne yake zaɓen shafin da za a buɗe da wanda za a rufe.

Shin wane abu ne a cikin madarar yake wannan aiki? A nan malaman fannin sun yi saɓani. A 2011 wani masani a Japan ya ce ya gano sinadari guda ɗaya wanda shi ne asirin. Bayan shekara biyar wasu a Jamus suka maimaita gwajin, suka ce ko da an cire shi sarauniya tana fita. Wasu kuma a Amurka suka nuna cewa a cikin zuma da garin furen da ake gauraya wa ma'aikaciya akwai wani abu na tsirrai mai danne girman jakar ƙwai, watau abin da aka hana sarauniya ci yana da hannu, kamar yadda abin da aka ba ta yake da shi. Ni dai ra'ayin da ya fi kwanta mini shi ne na masu cewa yawan abincin da haɗuwar kayan cikinsa ne suke aikin tare.

Kafin mu ci gaba, lalle ne mu tsaya a kan zancen barbara, ku gafarce ni, masu sauraro, ilimi ba ya son kunya, littattafan fiƙihu ma ba su ɓoye irin wannan ba. Sarauniya takan fita barbara a makon farko ko na biyu na rayuwarta, a sararin sama, tana cikin tashi. Wanda ya tabbatar da cewa a wajen amya abin ke faruwa wani makaho ne na ƙasar Suwizalan, François Huber, wanda baransa François Burnens ya zame masa ido, ya wallafa bincikensa a 1792. Takan sadu da maza goma ko ashirin, kowanne kuma daga nan ajalinsa ke nan. Sai ta adana maniyyinsu, miliyoyi, a wata ƙaramar jaka cikin cikinta, shi za ta yi ta tsakura har iyakar rayuwarta, ba ta sake fita barbara. A 1845 kuma Johann Dzierzon, wani limamin Kirista a yankin Silesiya, ya zo da maganar da mutanen zamaninsa suka daɗe suna musu kafin su sallama: ƙwan da ya haɗu da maniyyi mace yake zama, wanda bai haɗu da shi ba namiji. Namijin ƙudan zuma ba shi da uba. Yana da uwa, yana da kaka na wajen uwa, amma uba babu. Tsarki ya tabbata ga Mai halitta yadda Ya so.

Fa'idar wannan ga bahasinmu ita ce, ma'aikaciya ba ta barbara, ba ta da wurin adana maniyyi mai aiki, amma duk da haka 'yan zaruruwan nan da suka rage mata suna iya farfaɗowa su yi ƙwai, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe ya ba da namiji. Ashe ke nan abinci bai gama aikin ba. Ya rage mata ƙarfi ne kawai. To, me ke riƙe da ita bayan ta girma?

Nan muka zo kan ƙamshi. A shekarar 1954 wani masani a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, Colin Butler, ya nuna cewa akwai wani abu da sarauniya ke fitarwa, ya bazu a jikinta. Hadiman da ke kewaye da ita suna lasar ta, suna shafa ta da gashin kansu na sansane, sa'an nan su shiga cikin jama'a su taɓa wasu, wasun su taɓa wasu, har labari ya game amya cewa uwa tana nan lafiya. Matuƙar wannan ƙamshi yana zagawa, jakunkunan ƙwan ma'aikata a kwance suke. Tsutsotsin da ake reno su ma suna da nasu ƙamshin, wanda aikinsa a wannan fuska bai gaza na uwar ba. Cire sarauniya daga amya, kafin 'yan sa'o'i ka ji kukan ƙudajen ya sauya, suna kai da kawo ba natsuwa.

A nan ma akwai ƙauli biyu. Wasu sun ce ƙamshin nan sarƙa ce da uwa ta ɗaure 'ya'yanta da ita a kan tilas. Wasu sun ce shaida ce kawai ta gaskiya, tana gaya musu cewa ga uwa mai ƙarfin haihuwa, su kuma suka ga maslaharsu tana cikin taya ta reno. Na fi karkata ga na biyun, saboda dalili guda: ranar da uwar ta tsufa, ƙwanta ya ragu, ƙamshinta ya yi rauni, waɗannan 'ya'ya da ake cewa an ɗaure, su ne suke gina sabon ɗaki su reni wadda za ta gaje ta. Wanda ke da ikon naɗawa da tuɓewa, da wuya a kira shi ɗaurarre.

Idan kuwa ƙaddara ta sa uwa ta mutu, kuma babu ƙwai ko ƙaramar tsutsa da za a rena a madadinta, to a nan ne abin da ke ɓoye yake bayyana. Ƙamshin uwa ya yanke, na tsutsotsi ya ƙare, bayan 'yan makonni sai jakunkunan ƙwan ma'aikata da yawa su kumbura, su shiga zuba ƙwai. Aikin nasu kuwa ba tsari, gurbi guda ka ga ƙwai uku ko biyar, wasu manne a jikin bango, domin cikin ma'aikaciya gajere ne, ba ya kai ƙasan gurbi. Duk abin da ya fito maza ne, maza kuwa ba sa ɗebo ruwan fure, ba sa reno, ba su da ƙarin harbi balle su tsare ƙofa. A hankali gidan yake mutuwa.

Hana ta aka yi, jama'a, kuma da zarar mai hanawa ya kau, sai ta koma ga abin da ke cikin ɗabi'arta.

Saura mai hanawa na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran ban sha'awa. Ko da uwa tana raye, ba a rasa ma'aikaciya ɗaya a cikin dubbai da za ta saci jiki ta ajiye ƙwanta a gurbi. Me ke samun wannan ƙwai? A 1989 Francis Ratnieks da Kirk Visscher, a Amurka, suka ɗauki ƙwan sarauniya da ƙwan ma'aikata suka jera a saƙa guda, suka mayar cikin amya mai uwa. Kafin kwana guda ma'aikata sun bi sun cinye kusan dukkan ƙwan 'yan'uwansu, sun bar mafi yawan na uwarsu. Suna gane bambancin, kuma ba sa sassauci.

Don me za su yi haka? Tun 1859 Charles Darwin ya yi iƙirari cewa sha'anin ƙwarin nan marasa haihuwa yana daga cikin mafi wuyar mas'alolin da suka tare masa hanya, sai a 1964 William Hamilton ya kawo lissafin nasaba, wanda duk ɗalibin da ya karanta ilimin rabon gado zai gane shi nan take. Ku biyo ni sannu. Tun da uwa ta sadu da maza da yawa, mafi yawan ma'aikatan amya ba shaƙiƙai ba ne, li'ummai ne, uwa ɗaya uba daban-daban. Idan aka auna abin da suka yi tarayya a kansa na gadon jini, rabon ma'aikaciya a jikin ɗan cikinta nusufi ne. Rabonta a jikin ɗan uwarta rubu'i ne. Rabonta a jikin ɗan 'yar'uwarta li'ummiya kuwa sumuni ne kacal. Saboda haka kowace ɗaya, da za a bar ta, nata ɗan ta fi so, amma idan zaɓi ya tsaya tsakanin ɗan uwarta da ɗan li'ummiyarta, to rubu'i ya fi sumuni. Kowa tana so ta haifa, kowa kuma ba ta yarda ta kusa da ita ta haifa ba, sai aka wayi gari babu mai haihuwa sai uwa. Masu kafa misali da amya wajen zancen biyayya ga shugaba sun faɗi wani ɓangare na gaskiya, amma wanda ya duba da idon tahƙiƙi zai ga cewa zaman lafiyar gidan ya fi dogara ga tsaron da talakawan suke yi wa junansu.

Wanda yake shakkar wannan, to ya saurari abin da ya faru a Afirka ta Kudu. A can kusurwar ƙasar, wajen birnin Kef, akwai wani jinsin ƙudan zuma wanda ma'aikaciyarsa take iya haifar 'ya mace ba tare da barbara ba, 'yar kuma ta fito kusan kwafin uwarta. Wani mai binciken ƙudan zuma, George Onions, shi ya fara ba da labarin haka a 1912. A ƙasarsu ta asali abin rahama ne, domin gidan da ya rasa uwa yana iya samar da wata. Amma a wajen 1990 masu kiwon zuma suka ɗebi amyoyin wannan jinsi a mota suka kai su arewacin ƙasar, cikin wani jinsi dabam wanda bai san makircinsu ba. Sai baƙin ma'aikatan suka riƙa kutsawa gidajen masu masauki, suna fitar da ƙamshi irin na sarauniya, ana ciyar da su abincin girma, suna zuba ƙwan da masu tsaro ba sa cinyewa, 'ya'yansu kuma su tashi su yi haka nan, ba mai fita neman abinci. Uwar gidan ta ɓace, rumbu ya ƙare, gida ya rushe, su watsu zuwa na gaba. Amyoyi dubbai suka halaka. Da aka bincika nasabar masu ɓarnar nan, sai aka tarar dukkansu zuriyar ma'aikaciya guda ɗaya ce.

A Barazil kuma akwai wasu ƙudajen zuma marasa harbi, dangin gallar nan tamu, masana suna kiransu Melifona. Su gurabensu duka girma ɗaya ne, akan zuba abinci a rufe tun tsutsa tana ƙwai, don haka masu reno ba su da ikon auna wa kowa. Sakamakon haka 'ya'ya mata da yawa, wani lokaci har ɗaya cikin biyar, sukan fito sarauniya, alhali guda ɗaya tak gidan yake bukata, sai ma'aikata su bi su suna kashewa.

To, 'yan'uwana masu rataya amya a kan ɗorawa da kaɗanya, ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Idan kun hau ɗibar zuma da dare, ku rage wuta, hayaƙi ya wadatar, domin uwa guda ce, in ta ƙone babu ta biyu a ajiye. Kada ku kwashe saƙa duka. Ku bar wadda ke da ƙwai da ƙananan tsutsotsi, saboda ko da uwa ta salwanta a hannunku, daga cikinsu ne ƙudajen za su reni wata, kun kuwa ji cewa kwana uku ne wa'adin. Masu akwatin zamani kuma, idan kun ga uwa ta ɓata, ku hanzarta ɗauko saƙa mai sabon ƙwai daga amya mai lafiya ku ba su tun ma'aikata ba su fara zuba nasu ba. In kuwa har kun tarar da ƙwai barkatai a gurbi guda, to lokaci ya ƙure, abin da ya fi shi ne ku haɗa ƙudajen da wani gida mai uwa.

Nan za mu dakata a yau. Allah Ya sa albarka a amyoyinku da gonakinku, Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.